Wasan da Ya Fito Daga Bal ɗin Gwanjo

Yayata ce ta fara ganin abin. Sana'arta gwanjo ce. Tun ina ɗan lakwal, wato ɗan makaranta, take tsallaka gada zuwa Malanville da ke hayin iyaka ta sayo bal-bal na tufafi, masu amalanke su kawo mata har rumfarta a kasuwar Gaya. Ta girme ni da shekara goma sha huɗu, ita ta goye ni, shi ya sa har yau da furfura ta cika mini gemu ba ta kirana da komai sai Auta. A lokacin ina koyar da Faransanci a kolej. Ranar Asabar da hantsi kuma ina gabatar da wani ɗan shiri a gidan rediyon garinmu, inda nake ɗaukar littafi guda in faɗi abin da ke cikinsa da yadda na gan shi.

Wata Laraba a farkon damina, ana dab da ba mu hutu, ta buga mini waya.

"Auta, in ka tashi daga lakwal ka biyo ta rumfa. Na tsinci wani abu."

Ban yi mamaki ba. Duk mai buɗe bal ya saba da tsintuwa a aljihunan Turawa. Yaya ta taɓa samun makullai, da tikitin jirgin ƙasa, da hoton wani kare, sau ɗaya ma har haƙoran roba, waɗanda ta ajiye wata guda a cikin gwangwani ko wani zai buƙata. Da na iso sai ta ciro wani abu daga ƙasan tabarma, launin toka, mai murfi, bai kai tafin hannu biyu ba. A aljihun ciki na wata rigar sanyi ta same shi.

"Na ɗauka akwatin hoda ne," in ji ta. "Na buɗe ban ga madubi ba. Kuma ba salula ba ce, don babu lambobi."

Na juya shi, na ga ɗan kaset maƙale a bayansa, na ga maɓallai ƴan kaɗan da ekran, wato gilashin kallo. Na ce mata wasan bidiyo ne, irin na hannu. Ta ce to in na yara ne a ajiye wa jikoki. Na danna, bai kama ba. Muka kai wa wani mutumin garin Bana da ke gyaran salula a bayan rumfarta. Ya kwance shi a kan tebur, ya goge cikinsa da buroshin haƙora, ya ce batirin bai mutu ba, suma ya yi. Ya yanke wayar wata tsohuwar sharjar, abin cajin salula, ya haɗa masa. Washegari da yamma abin ya yi wata ƴar ƙara kamar an taɓa ƙaramar ƙararrawa, ekran ya yi haske.

Wanda ya bayyana a ciki na san shi. Lokacin da nake lise, wato babbar sakandare, a Dosso akwai wani ɗaki kusa da tasha mai talabijin biyu, inda muke zuwa ranar Lahadi mu yi wasa. A can na san wannan ɗan gajeren mutumin mai manyan takalma da jakar wasiƙu a kafaɗa. Mu dai Faktar muke ce masa, wato mai kai wasiƙu. Aikinsa ɗaya ne a wasannin da na sani: ya ruga daga hagu zuwa dama a kan rufin gidaje, ya tsallake rami, ya tsallake hayaƙi, ya dira a kan duk abin da ya tare masa hanya. Ba ya magana, ba a yi masa magana. In ka faɗa rami ka koma farko. Na ɓata ranakun Lahadi da yawa a kan wannan mutumin, don haka da na gan shi a tafin hannuna sai na ji kamar na haɗu da abokin lakwal a bakin duwan, shingen ƴan kwastan.

Na gyara zama a kan bencin Yaya, na shirya yatsuna don tsalle. Sai ga Faktar a cikin ɗaki yana shan shayi da maigidansa, rubutu na fitowa a ƙasa da Faransanci. Na danna, wani rubutun ya fito. Na sake dannawa, wani ya fito. Na yi kusan rabin awa ban tsallake ko kwata ba.

"Me suke cewa?" in ji Yaya, tana ninke wanduna a gefena.

Na faɗa mata. Wani ya sace dukkan wasiƙun ƙasar a dare ɗaya. Mutane sun fara fushi da juna, kowa na zaton ɗan uwansa ne ya yi watsi da shi. An aiki Faktar ya bi gari gari ya nemo wasiƙun ya kai wa masu su. Yaya ta ajiye wandon da ke hannunta ta matso.

Daga nan na gane irin wasan da ke hannuna. An ɗauko mutumin tsalle an sa shi cikin dogon labari. Yana shiga gidaje, yana gaisawa da mutane, yana sayen magani a kanti, ƙarfinsa na ƙaruwa kaɗan kaɗan bayan kowane faɗa. A gari na biyu ya sami abokiyar tafiya, wata tsohuwa mai kwale-kwale wadda wasiƙar ɗanta na cikin waɗanda aka sace. Ita makaminta filafilin tuƙi ne. Abokan gaba kuwa hankaki ne masu hula, da ambulan masu haƙora, da wasu awaki masu cin takarda. Faɗan bi da bi ake yi. Kai ka zaɓi abin da za ka yi, ka yi, sannan ka tsaya abokin gaba ya yi nasa.

"Wato ya tsaya a doke shi, sannan ya rama?" in ji Yaya.

"Haka dokar take."

"Ban taɓa ganin faɗa mai tarbiyya irin wannan ba."

Amma ba a cire tsallen gaba ɗaya ba, an ɓoye shi ne a cikin faɗan. In Faktar ya yi tsalle zai dira a kan hankaka, akwai wani ɗan lokaci, kamar ƙiftawar ido, da in ka danna maɓalli daidai dukan zai ninka. Haka nan in an kawo maka duka ka danna daidai, sai ka kauce. A nan ne na ji kunya. Ni da na ƙware a Dosso, cikin duka goma da kyar nake samun uku. Ko in riga, ko in makara. Yaya tana leƙe ta kafaɗata tana cewa "yanzu," kuma kullum nata yanzun ne daidai.

Rana ta uku ta ce in ba ta. Na nuna mata maɓallan biyu. Ta riƙe na'urar nesa da fuska yadda take riƙe allura in za ta zura zare. Dukan farko ta kuskure. Na biyu ta samu. Daga nan har aka gama faɗan ba ta sake kuskure ba.

"Ta yaya kike yi?" na tambaye ta.

"Kai kallo kake yi. Ni ji nake yi. Ba ka ji kiɗan ba? Kamar lugude ne. In kin bari sai kin ga taɓaryar ƴar uwarki ta tashi sannan ki sauke taki, ai kin makara."

Da haka muka raba aiki. Ni ke karatu da fassara da zaɓen hanya, in faɗa ya taso in miƙa mata. Hutu ya zo, ba ni da aji, sai na zama ɗan rumfa. Tsakanin azahar da la'asar kasuwa kan yi sanyi, mu jingina da bal mu buɗe murfi. In mai saye ya zo a rufe, wasan ya yi barci daidai inda aka bar shi. Abu ɗaya ne ya ɓata mata rai a makon farko, shi ne kantin da ke cikin wasan. Mai kanti ya faɗi farashin magani, ta ce in ce masa ya rage. Na ce ba a ragi a nan.

"To wannan ba ɗan kasuwa ba ne," in ji ta. "Ma'aikacin gwamnati ne."

Labarin ya kai kunnen daraktan rediyonmu ta bakin mai gyaran salula. Daraktan tsohon malamin lakwal ne, mutum mai son raha, kuma ya san halin da shirina ke ciki. Littattafai ba su da yawa a Gaya. Na gama da nawa, na gama da na laburaren kolej, har akwai wanda na yi sau biyu ina fatan ba wanda zai lura. Ya tare ni a ƙofar studiyo, ya kira ni yadda ake kiran malami da Faransanci.

"Mushe, an ce kana fama da wani wasa a kasuwa."

Na fara kame-kame. Ya ɗaga hannu.

"Yana da labari?"

"Yana da."

"Da mutane, da farko da ƙarshe?"

"Haka nake zato."

"To ka yi mana shi a shirinka. Ya fi mu sake jin wancan littafin karo na uku."

Na sayi sabon kaye, wato littafin rubutu, na zauna na rubuta sharhi shafi huɗu. Na rubuta shi da zafin wanda aka yi wa alkawarin tsalle aka ba shi surutu. Na ce magana ta yi yawa, na ce an mai da jarumi ɗan aike, na ce wanda ya san wasannin farko zai yi barci. Da na gama na kai wa Yaya gida bayan la'asar. Tana ƙarƙashin mangwaro tana tsinke zogale za ta yi kopto, wato kwaɗon ganye. Na karanta mata da muryar rediyo. Ta saurara har ƙarshe ba ta ɗago kai ba.

"Ka kai ƙarshen wasan?" ta ce.

"Ai kin san ba mu kai ba."

"Ko rabi?"

"Wataƙila rabi."

"Littattafan da kake faɗa wa mutane ran Asabar, su ma haka kake yi musu?"

Gaskiya sau ɗaya ko biyu hakan ta faru. Ta ce ba za ta hana ni aikina ba, amma na'urar tata ce, a bal ɗinta ta fito, kuma ba za a yi maganarta a rediyo ba sai an ga inda labarin ya tsaya. Na je na roƙi darakta mako uku. Ya ba ni, na cike Asabar biyun da ke tsakani da tatsuniyoyi.

Gaggawar da na shiga ce ta jawo mana matsala. Don mu yi sauri sai na fara taƙaita fassara. Mutum zai yi dogon bayani, in ce wa Yaya, "Yana cewa mu yi gabas." Wata mata za ta ba da labarin rigimarta da ƙanwarta, in ce, "Ba wani abu ba ne." Ina danna maɓalli da sauri, rubutu na wucewa ko ni ban karanta ba. Yaya dai tana kallon rubutun yana wucewa.

Sai muka isa wani gari a kan dutse mai babbar ƙofa a rufe. A gefen ƙofar akwai ƙararrawa biyar, kowace da launinta, sai an buga su bi da bi yadda ya dace ƙofar za ta buɗe. In ka kuskure, ƙasa ta buɗe ka faɗa wani kogo cike da awakin nan masu cin takarda, sai ka yi faɗa da su kafin ka hauro. Ba wanda ya san tsarin a garin. Na zana layuka a kaye ina gwadawa ɗaya bayan ɗaya kamar mai lissafi. Kwana uku muna faɗawa kogo. Yaya ta doki awaki har babban yatsanta ya yi kanta.

Rana ta huɗu ta rufe murfin ta ɗora na'urar a cinya.

"Auta, wannan tsohon da muka wuce a bakin gulbi, mai gyaran koma. Ka tuna shi?"

"Wane?"

"Wanda ke zaune kusa da inda tsohuwa ta ɗaure kwale-kwale. Ya yi magana gilashin nan ya cika ya share, ya cika ya share, har sau shida ina ƙirgawa. Ka ce mini gaisuwa yake yi."

"Wataƙila gaisuwar ce."

"Ko a nan ƙasar Dendi ba a gaisuwa mai tsawon haka. Kuma akwai wata ƴar ƙararrawa rataye a ƙofar bukkarsa. Mu koma."

Komawar ba kusa ba ce. Sai da muka sauko dutse, muka ratsa daji, muka shiga kwale-kwale, muka ci yammaci guda. Tsohon na nan inda muka bar shi. Wannan karon na karanta kowace kalma. Ashe shi ne tsohon mai gadin ƙofar. Matarsa ce ke buga ƙararrawa kullum da safe don ta sanar da shi abinci ya sauka, kuma ya faɗi yadda take bugawa, launi bayan launi, yana ƙorafin cewa kullum sai ta maimaita ja sau biyu don ta san ƙarar na damunsa. Ban taɓa kawo maimaitawa a lissafina ba. Da zan shekara ina zana layuka ba zan samu ba.

Yaya ba ta yi mini gori ba. Ta dai kafa doka: daga yau komai aka rubuta sai na fassara, ko allon kan hanya ne. Na bi dokar, kuma a nan ne wasan ya canza mini. Ashe daɗinsa na cikin maganar da nake tsallakewa. Akwai wani sarki da ke tsoron buɗe wasiƙarsa don yana zaton surukarsa ce ta rubuto. Akwai ƴan uwa biyu masu gidan burodi da suka raba tanda da igiya. Akwai hankaka ɗaya da ya gaji da faɗa, kullum muka haɗu sai ya roƙi a bar shi ya tafi gida. Ina fassarawa zuwa Hausa, Yaya na juya wa maƙwabciyarta mai sayar da takalma zuwa harshen Dendi, ita kuma ta faɗa wa ta gaba. Wani lokaci dariyar kan ɗauki minti biyu kafin ta kai ƙarshen layin rumfuna.

Mun kai ƙarshe ranar Alhamis, saura kwana biyu shirin. Ruwa ya sauko tun azahar, irin ruwan Gaya mai zuwa da iska daga gulbi. Muka ja leda muka rufe kaya. Mata biyar ko shida suka fake a rumfar. Ɓarawon wasiƙun wani dogon mutum ne da ke zaune a hasumiyar da ya gina da ambulan. Faɗansa ya yi tsawo, kuma yana canza kiɗa a tsakiya, abin da ya rikita Yaya. Sau biyu ya kayar da mu. A karo na uku ta ce kowa ya yi shiru, ta kara na'urar kusa da kunne saboda ƙarar ruwa a kan kwano, tana kallon ekran da gefen ido. Wata mata ta ɗaga riga tana tambayar ko akwai babbarta. Yaya ta ce, "Duba da kanki, ƴar uwa, bal ɗin na bayanki." Ni aikina shi ne in ce a sha magani in jini ya yi ƙasa. Da tsohuwa ta sauke masa filafili na ƙarshe, hasumiyar ta rushe, wasiƙu suka tashi sama kamar tantabaru.

Na fassara abin da ya biyo baya a hankali. Mutumin ya ce tunda yake ba a taɓa aiko masa da wasiƙa ba, shi ya sa ya tara na mutane. Tsohuwa ta ɗauki takarda ta rubuta masa layi biyu ta ba Faktar, Faktar ya taka taku uku ya miƙa masa. Mai sayar da takalma ta ce Allah sarki. Sannan aka ba tsohuwa wasiƙar ɗanta, wadda ta ratsa ƙasa guda tana nema. Ta buɗe. Cewa ya yi yana lafiya, kuma a aiko masa da busasshen kifi.

Yaya ta yi dariya har sai da ta share ido da bakin mayafi. Babban ɗanta na aiki a Niamey, kuma duk wayar da zai bugo da wannan maganar take ƙarewa.

Ranar Juma'a na yaga shafukan farko na sake rubutawa. Na kuma ce wa Yaya ta raka ni studiyo. Ta ce ita ba ta magana a rediyo, za ta dai zo ta ga wurin. Ranar Asabar ta fito da leshinta na biki, muka hau baburan kabu-kabu biyu. Studiyon namu ɗan ɗaki ne da aka manna wa kwalayen ƙwai a bango, kuma dole a kashe fanka in an buɗe mikro. Darakta ya tarbe ta da "Hajiya, sannu da zuwa," ya ajiye mata kujera a gefena, ya tura mikro na biyu gabanta kamar ba da niyya ba.

Na fara da bayanin abin da wasan bidiyo yake, don na san akwai masu saurare a ƙauyuka da ba su taɓa gani ba. Na ba da tarihin Faktar da tsallensa, na faɗi yadda aka sa shi cikin labari. Na yabi rahar da ke cikin maganganun, da kiɗan, da dabarar danna maɓalli da ke hana hannu yin barci a faɗan bi da bi. Na yabi yadda ake rufe shi a sa aljihu. Sannan na faɗi aibinsa. Farkonsa na da nauyi, mutum zai iya ajiye shi kafin daɗin ya zo. Rubutun ƙanana ne, kuma a rana ba a ganin komai sai an shiga inuwa. A tsakiya akwai wani daji inda abokan gaba iri ɗaya ke ta dawowa har su gundure ka. Wanda bai iya Faransanci ba sai ya nemi mai karanta masa. Na ƙara da cewa maganar ƙararrawa an ɓoye ta nesa fiye da kima, bai kamata a sa mutum ya koma baya haka ba.

"Ba a ɓoye ta ba," in ji Yaya, bakinta dab da mikro. "An faɗa masa. Bai saurara ba ne."

Ta bayan gilashi na ga darakta ya kifa kai a kan tebur, kafaɗunsa na rawa. Na ce wa masu saurare wannan yayata ce, ita ta yi kusan dukkan faɗan da ke cikin wasan. Daga nan ban sake samun shirin a hannuna ba. Ta ba da labarin tsohon bakin gulbi da yadda na ce gaisuwa yake yi. Ta ce a ganinta jarumar wasan tsohuwa ce, Faktar rakiya kawai ya yi. Ta ce abin da ta fi so shi ne ba a kashe kowa, wanda aka kayar sai ya tashi ya gudu. Abin da ba ta so shi ne mai kanti.

Aka buɗe layin waya. Wanda ya fara bugowa masunci ne, ana jin ruwa a bayansa. Ya gaishe mu da Dendi, sannan ya tambaya da Hausa a ina tsohuwar ke zama in tana tuƙi. Yaya ta ce a tsaye take, a tsakiyar kwale-kwale.

"A tsakiya?" in ji shi. "To wanda ya zana wannan bai taɓa shiga ruwa ba. Da a gulbinmu ne da tuni sun kife."

Na ce zan ƙara wannan a cikin aibin wasan, kuma na ƙara.

Wani dattijo ya bugo ya tambaya cikin natsuwa ko abin nan ba caca ba ne. Na buɗe baki zan yi dogon bayani, Yaya ta riga ni.

"Baba, ba a sa komai, ba a cin komai. Lokaci kawai yake ci. Shi ma in an kira salla rufewa ake yi, yana jira."

Dattijon ya ce to madalla, a dai kula da lokacin.

Ta ƙarshe wata mata ce daga Yélou. Ita tambayarta ɗaya: an kai wa kowa wasiƙarsa? Na duba kaye na ce gaskiya akwai uku da suka rage a jakar Faktar, na mutanen da ba mu gano inda suke ba, kuma wasan bai tilasta a kai su ba. Matar ta ce ai bai kamata ba. Yaya ta ce mata ta kwantar da hankalinta, za a kai. Mun kai biyu a makon da ya biyo baya. Ta ukun ba mu taɓa samun mai ita ba, ko da yake mun shiga kowane gida.

Bayan shirin mutane suka riƙa biyowa ta rumfar don su ga na'urar. Wani direban kamyo, babbar motar kaya, ya nemi ta sayar masa saboda zaman jiran duwan, ta ce ba ta sayarwa ba ce. Darakta ya so mu mai da abin shiri na kowane wata, amma ba a sake samun wani kaset a bal ba, duk da Yaya ta riƙa laluben aljihu fiye da da.

Da aka koma lakwal zuwana kasuwa ya ragu. Wata ranar Laraba na biya da yamma, na tarar da ita zaune a tsakiyar mata huɗu, murfi a buɗe. Ta sake fara wasan daga farko ita kaɗai. Rubutu na fitowa, tana kallonsa da muhimmanci kamar mai karatu, tana faɗa musu abin da aka ce. Na tsaya a baya na saurara. A nata labarin Faktar bazawari ne, maigidansa kuma kawunsa ne da ke matsa masa ya sake aure, wasiƙun duk na neman aure ne. Sarkin nan mai tsoron surukarsa ya zama mai garin wani ƙauye da ta ambata, matan suka ce lallai sun san halinsa.

"Yaya," na ce, "ba haka ya ce ba. Cewa ya yi a bi ta gada."

Ba ta ɗago ba.

"Auta, ba ka da takardun yara da za ka gyara?"

Ina da su, tari guda a jaka. Mai sayar da takalma ta matsa ta ba ni gefen benci. Na zauna na ciro jan alƙalamin bik na fara gyara, ina ji Faktar na gaya wa tsohuwa mai kwale-kwale cewa shi dai ba zai zauna a gidan surukai ba.